Taraktar da Ta Ɗaga Alhaji Junaidu

Shekarar da sojoji za su koma bariki, Alhaji Junaidu ya fito takarar kansila a Tarauni. Da yake gajere ne, sai ya sa Kabo bakanike ya gyara tsohuwar taraktar mahaifinsa, a ɗaura katako a hannuwanta masu ɗaga garma, ya hau ya yi jawabi. Kabo ya canza robobin da ke yoyon mai, hannuwan suka tashi.

Ranar taro a Gyaɗi-Gyaɗi, Kabo na zaune a kujerar direba, hannunsa kan libar ɗagawa da saukewa. Ya san halin Alhaji tun suna yara. Alhaji ya ce zai ja wa kowane gida ruwan famfo. Kabo ya ɗan sauke shi. Alhaji ya ce kwalta har Ƙauyen Alu, ya ƙara yin ƙasa. Jama'a suka gano cewa duk ƙaryar da ya yi sai an sauke shi, suka bar sauraro suka koma kallon katako. A alƙawari na biyar hularsa kawai ake hangowa.

Alhaji ya waiwayo a fusace, lasifika a baki: "Kabo, wallahi in na ci zaɓen nan ba ka ƙara ganina!"

Kabo ya ja liba, ya ɗaga shi can ƙoli. Wuri ya kaure da tafi.