Shukar Tamu

"Ƙara murhi guda," in ji Baba Tamu.

Ina tsugune riƙe da bakin injin feshi, shi kuma yana zaune a gefen fangalin ya dogara da sandarsa. Na ɗaga kwalbar maganin na nuna masa.

"Baba, malamin gona rabin murhi yac ce, kuma sau guda tak. Mun riga mun zuba wancan mako."

"Kai da kag gudo daga makaranta, yau kai za ka koya min karatun kwalba? Zuba."

Na cika murfin kwalbar na zuba. Ruwan ya yi fari kamar an dama nono, wani wari mai sanyi ya taso. Na goya injin na bi fangalin ina fesawa, shi kuma yana bin hannuna da ido.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Jega Firchin. Ni ban taɓa zama kan sana'a guda ba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi lodin albasa a Aliero, na yi cajin waya, daga baya na koma kabu-kabu da mashin ɗin yayana. Da ƙafafun Baba Tamu suka fara kumbura, sai ya zama ni ke sauke shi a garkarsa ta bakin gulbi da safe kafin in wuce tasha.

Shekarar nan wata cuta ta shiga irin tumatur a fadamar. Za ka yafa iri ya tsiro lafiya, wata safiya ka zo ka tarar da farar funfuna a ƙasa kamar saƙar gizo, gindin kowane tsiro ya yi baƙi ya tsuke, sun kwanta bisa juna. Yafin Baba Tamu na farko haka ya tafi. Da ya sake na biyu ne wani malamin gona da ke zuwa daga Maiyama ya gaya masa maganin nan. Ya ce ba na kashe ƙwari ba ne, riƙe tsiro yake yi kada ya yi saurin miƙewa, sai gindin ya yi kauri, ruɓar ta kasa kayar da shi. Ya kuma ja kunne ƙwarai: in aka wuce ƙima, irin zai tsaya cak.

Haka kuwa aka yi. Fangulan maƙwabta duk suka zube, aka bar ƙasa baƙa tana wari. Na Baba Tamu kaɗai ya tsaya a tsakiyarsu. Amma bai ƙara tsawo ba. Lokacin dashe ya zo ya wuce, tsiron bai fi ɗan yatsa ba. Ganyen ya yi kore mai duhu, ya tattare kamar bayan hannun tsoho, gindin ya yi kaurin tsinken tsire. Ko iska ta kaɗa ba sa motsi.

Masu garka suka fara kauce wa wurin. Wanda hanyarsa ta bi ta nan sai ya zaga ta bayan rijiya. Na ji wata mai sayar da fura tana cewa tsohon yana zuba wa tumatur ɗin kwanakinsa ne, ga shi yana ramewa suna ƙiba. Na yi dariya a lokacin. Amma ni ma in na zo da sassafe, raɓa na kwance, ba na son in ba fangalin baya.

Ranar da na zuba murfin nan, da na gama feshi na kasa haƙuri.

"Baba, ka kashe irin ga. Ba ya dasuwa, ba ya yin ɗiya. Mi amhwaninshi?"

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"To."

Ya maida numfashi. Sai ya nuna garkar da sanda, daga kwarin alayyafo har zuwa kan iyaka.

"Ɗahiru, ka san garkar ga ba tawa ba ce. Aro ce. Uban Alhaji Haidar yab ba ni ita tun ina da ƙarhi, gaban liman da mai unguwa. Abin da yac ce shi ne, muddin akwai shukar Tamu tsaye a ciki, ba mai taɓa ta. Ya rasu bisa wannan magana. Alhaji Haidar yana son wurin don albasa, bai ɓoye min ba, amma ba shi tada maganar ubanai."

"To ai shi ke nan."

"Ina shi ke nan? In na kwanta, wa za ya yi shukar Tamu? Hindu da Zinatu da ɗiyanta, nan ne abincinsu."

Inna Hindu matarsa ce. Zinatu kuma 'yarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara. Ita ke yankan alayyafo da yakuwa ana kai mata kasuwa.

Na ce, "Da mangwaro ka dasa tun tuni. Da yanzu ya yi inuwa."

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ka taɓa jin an dasa icce gonar aro? Ranar da ka dasa, ranar ka zama ɓarawo." Ya juya ga fangalin. "Tumatur dai ba icce ba ne. In ya girma ya yi hure ya yi ɗiya, sai ya bushe. In bai girma ba hwa?"

Ya sunkuya da ƙyar ya shafa ganyen da bayan yatsa.

"Ku dakata," ya ce musu a hankali, yadda ake ce wa yara in baƙo na cin abinci. "Kada ku yi sauri."

Bayan wannan jikinsa ya yi tsanani. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ya daina fita ko masallaci. Zinatu ke ban ruwa, ni kuma in na shiga gaishe shi tambayarsa ɗaya ce.

"Sun ƙaru?"

"Suna nan yadda kab bar su."

"Alhamdu lillahi."

Wata Laraba bayan la'asar na dawo cin abinci sai Zinatu ta leƙo ta kan katanga.

"Ɗahiru, Baba na kira. Wai garka za ka kai shi. Don Allah ka ce mashin ya lalace."

Na shiga da niyyar faɗin haka. Na tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, kwalbar na kan cinyarsa. Inna Hindu na tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, ka bari sai ka ji sauƙi," ta ce.

"Hindu, ke ma kin san sauƙin da za ni ji." Ya dube ni. "In ƙarya anka ba ka ka hwaɗa, haɗiye ta. Na ji ƙarar mashin ɗinka."

Ba zai iya riƙe ni ba, don haka Zinatu ta kawo tsohon rawaninsa, aka ɗaure shi a bayana kamar goyo, aka ƙulle a cikina. Ban taɓa ɗaukar fasinja mara nauyi irinsa ba. Buhun barkono ya fi shi. A hanya sai da na riƙa taɓa gwiwarsa don in tabbata yana nan.

A garka babu kowa sai balbelu can bakin ruwa. Rana ta yi ja, fangulan da suka mutu sun bushe sun tsattsage, nasa na tsakiya baƙiƙƙirin. Na kwance shi na zaunar. Ya ce in haɗa ruwan, amma wannan karon bai yarda in fesa ba.

"Hannuna za ya yi. Kada gobe wani ya ce ba shukar Tamu ba ce."

Na goya injin ina bugawa, shi ya riƙe bakin, na tallafe shi muna tafiya taku-taku. Ruwan na zuba wani wuri da yawa wani wuri kaɗan. Da muka kai ƙarshe ya tsaya yana duban tsiron, ya daɗe. Ya miƙo mini kwalbar.

"Ba Zinatu. Ka ce mata in ta ga hure, ta san abin yi."

Na sake ɗaure shi muka kamo hanya. Da muka hau kwalta ya ɗora haɓarsa a kafaɗata.

"Kana gudu da yawa, ɗan banza," ya ce.

"Baba, ko keke ya hi mu sauri."

Ya yi 'yar dariya, na ji ta a bayana. Na ci gaba da surutu don kada ya ji nisan hanya. Na ba shi labarin wani fasinja da ya hau da rago ya sauka ya bar ni da kashi a kujera. Na gaya masa ina tunanin sayar da takalma a Birnin Kebbi, ko in bi motar albasa zuwa kudu. Na saba in na kawo irin wannan zance ya ce gindina ƙaya gare shi. Bai ce ba, na ɗauka gajiya ce.

Muka shigo gari, mutane na zaune a bakin shaguna. Mai nama ya ɗaga hannu.

"Baba Tamu! An samu lahiya ke nan?"

Mai faci ma ya yi kira, "Sannu Baba, Allah shi ƙara sauƙi!"

Ni ke amsa musu, "Amin, amin." Kansa na kan kafaɗata, hular na gogar kunnena. A wajen kwanar unguwarmu ne na lura nauyinsa ya canza. Mutumin da ban ji shi ba da za mu tafi, yanzu yana janye ni baya, rawanin na cin cikina. Na so in tsaya. Sai na ga ban san abin da zan yi ba in na tsaya, na ci gaba, ina ta ba shi labarin takalma har ƙofar gida.

Inna Hindu na cikin zaure tana jira. Ban kashe mashin ba ta dubi fuskar da ke kafaɗata, wadda ni ba na iya gani. Ta dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Maƙwabta suka zo suka kwance rawanin. Har yau ban san a wane wuri ya cika ba, ko kafin mai nama ko bayansa.

Bayan addu'ar bakwai Alhaji Haidar ya ce in raka shi garkar. Mutum ne mai sanyin magana, ya yi hidima sosai wajen jana'izar. Ya bar motarsa a kan hanya muka taka. Ya tsaya a kan fangalin ya harɗe hannu a baya.

"Wanga mine ne?"

"Tumatur ne, Alhaji."

"Na yaushe?"

"Tun yahin farko-farkon sanyi."

Ya tsuguna ya kai hannu kamar zai taɓa, sai ya fasa, ya goge yatsun a rigarsa duk da bai taɓa komai ba.

"Shi yas shuka da hannunai?"

"Shi ne. Kowa ya shaida."

Zinatu na can gefe da lauje, ta daina yankan alayyafo tana saurare. Alhaji ya miƙe ya juya wajenta.

"Zinatu, Allah shi jiƙan Malam. Maganar Babana tana nan, ba ni taɓa ta. Ki ci gaba da aikinki." Ya sake kallon fangalin. "Tumatur ne dai. In ya yi ɗiya ya gama, sai mu zauna."

"Allah shi saka da alheri, Alhaji," ta ce, ba ta ɗago ba.

Da muka koma mota sai da ya waiga sau biyu.

Zafi ya shigo. Zinatu ta yi wa fangalin rumfar kara, tana ba shi ruwa safe da yamma kafin ta ba alayyafon da ake ci. Maganin ya ƙare, ta aike ni Jega cikin kasuwa in nemo, mai shagon ya ce irin wannan ya daina zuwa. Ban tafi kudu ba. Kullum ina cewa mako mai zuwa.

Wata safiya na kawo mata buhunan da za a zuba alayyafo, na yi sallama ba ta amsa ba. Na hango ta a ƙarƙashin rumfar, a durƙushe. Na matsa. Tsiron na nan yadda yake, gajere, baƙi, bai ƙara ko kaɗan ba. Amma a kan kowane ɗaya wani ɗan abu rawaya ya fito, ƙarami kamar ƙwayar gero. Fangalin gaba ɗaya ya yi fure a dare ɗaya.

Ba ta dube ni ba. Tana bi layi-layi a kan gwiwa, tana tsinke furen da farce a hankali don kada ta girgiza gindin, tana tarawa a gefen mayafinta. Ta riga ta gama layi biyu. A gabanta furen sauran fangalin na ta buɗewa cikin rana.