Muryar Mma Sala

Akwai mazan da in Allah ya haɗa mace da su, sai dai ta yi godiya a gaban jama'a, ta shiga ɗaki ta ja tsaki. Muniru mijin Ayishatu yana cikinsu, a sahun gaba ma. Rigunan waya yake sayarwa a kan tebur a unguwar Tafo, cikin Kumasi, amma tun ranar da ya sauya wa wani gilashin waya bai fasa ba, ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Fanka ta tsaya, Injiniya. Rediyo ta yi shiru, Injiniya. Abin da duk ya sa wa hannu kuwa, sai dai a yi masa ta'aziyya.

Ayishatu ta daɗe da daina musu da shi. Abu ɗaya ta ce kada ya kusanta, tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar ɗakinsu a Asokore Mampong. A cikinta akwai bidiyon mahaifiyarta, Mma Sala, kuma duk duniya babu wani sai shi. Tsohuwar Bazabarma ce mai taurin kai, da ta ga an ɗaga waya sai ta rufe fuska da mayafi. Sau ɗaya tak aka shammace ta, ranar sunan jikarta Nusrat, ɗiyar Ayishatu, ta rungume jaririyar tana mata waƙar reno da Zabarmanci. Wayar da aka ɗauka da ita tuni wani ɗan hannu ya zare ta a trotro, motar haya. Ita kuwa Ayishatu haihuwar Kumasi ce, Zabarmancinta bai wuce gaisuwa ba, balle ta riƙe waƙa.

Mma Sala ta rasu. Ana cikin zaman makoki aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi kamar an aiko ta ramuwa. Kwamfutar ta ce fat, ɗakin ya ɗauki ƙauri.

“Baban Nusrat, don girman Allah bar ta,” in ji Ayishatu. “In an gama arba'in zan kai wa masu gyara.”

“Su wa? Yaran nan da na fi su sani?”

Tana juya baya ta tafi gidan rasuwa, gogan ya ɗauko sukuddireba. Ya ciro diskin da ake ajiya a kai, ya ga koren allon da ke manne a cikinsa, wanda masu gyara ke kira bod, ya yi baƙi a gefe ɗaya. Ya kalli rabin bidiyo a waya, rabi fa, don shi mai ilimi ba ya kallo har ƙarshe. Ya shiga kasuwa ya sayo tsohon diski irinsa sak, ya kwance masa bod ya ɗaura a nasu. Da ta dawo ya zaunar da ita, har da kiran maƙwabciya ta zo ta shaida. Ya kunna. Diskin ya ce ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru.

“Yana ɗumi ne,” in ji Injiniya, ko kunya babu.

Ayishatu ta bari sai da aka kwana biyu ya manta, ta naɗe diskin a ɗankwali, ta kai wa Rafiu, mai gyaran kwamfuta a bakin titi. Shi ma Rafiun ba wani abin yabo ba ne, mutum ne da ke amsa sallama kamar ana cire masa haƙori. Ya juya diskin, ya dubi sukurorin da aka cinye wa kai, ya taɓe baki.

“Anti, wane maƙeri ne ya taɓa wannan?”

“Maigidana ne.”

“Allah ya ba ki haƙuri. Ina tsohon bod ɗin?”

“Ai ya ƙone.”

“Na ji ya ƙone. Ina yake?” Ya nuna mata wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas a jikin sabon allon, bai kai ƙwayar wake ba. “Kin ga wannan ayisin? Kowane diski da nasa, tun daga kamfani. A ciki aka rubuta yadda zai karanta kansa. Na wani ba ya yi wa wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bod yakan ƙone, shi yana nan lafiya lau. Ki kawo mini tsohon, in ɗaga shi da bulowa mai hura zafi, in liƙa a sabon da dalma, in Allah ya so ki ga mamanki. In babu shi, ni dai ba ni da dabara. Kuma kada wani ya sake kunna wannan abu.”

Wallahi sai ta ji kamar an ce Mma na tsakar gida tana jiranta. Ta koma gida da sauri, ta duba ƙarƙashin gado, ta zazzage kwalin tarkacen Muniru. Kwalin ma wayam, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta same shi a ƙofar gida yana sakace.

“Baban Nusrat, ina allon da ka cire?”

Sai ya gyara zama, ya yi murmushin mutumin da aka tambaya labarin aikin Hajjinsa. “Ai na yi wa Mma sadaka da shi.”

To, a Zango kowa ya san in an yi rasuwa, kafin arba'in dangi da surukai kan fitar da sadaka don mamaci. Wani ya dafa shinkafa, wata ta soya masa, wani ya raba zannuwa. Shi kuwa surukin kirki, da ya ga za a ce bai yi komai ba, sai ya tattara gawarwakin da ya kashe da hannunsa, fanka, rediyo, dutsen guga, da allon nan, ya tsare wani mai sayen kondem, wato tarkacen ƙarfe, ana fitowa daga masallacin Juma'a. Mutumin ya sa hannu a aljihu, Muniru ya ɗaga murya yadda na sahun baya ma za su ji: a'a, sadaka ce, don surukata! Sadaka da bola, jama'a. Abin da ko akuya ba za ta shinshina ba, shi ya aika wa matar da ta ciyar da shi waake, shinkafa da wake, shekara da shekaru.

“Wa ka ba?” in ji Ayishatu.

“Dramani, na Akwatia Line. Ke me za ki yi da ƙonannen abu? Mata dai!”

Ta ja mayafi ta fita. Ya biyo ta, ba don nadama ba, don kada a yi maganar gyara babu shi.

Akwatia Line ta karɓe su da ƙarar guduma da hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa a cire jan ƙarfe. Suka yi ta tambaya har aka nuna musu Dramani, dattijo mai furfura, zaune a kan mataccen firji yana fasa wata talabijin. Yana ganin Muniru ya miƙe da fara'a.

“Injiniya! Mai sadaka!”

Ayishatu ta durƙusa ta gaishe shi. “Baba, cikin kayan da ya ba ka akwai wani ɗan koren allo, kamar tafin hannu. Don Allah yana nan?”

“Koren allo? Ai ɗiyata irin waɗannan ba sa kwana. Farfasa su muke da guduma, mu cika buhu, mota ta kwashe zuwa Tema. Na Juma'ar nan tuni suka tafi.”

Ta dubi ƙasa. Ɓarɓashin koren allo ne ko'ina, an tattake shi cikin baƙar laka. Ta so ta tuna ko da farkon waƙar, ta ji babu komai a kanta sai ƙarar guduma. Hawaye suka zubo mata, ga wanda ya jawo yana tsaye a gefenta yana gyara hula.

Dramani ya ga hawayenta, ya ɗauka na maraici ne kawai. “Ke ce ɗiyar marigayiyar? Allahu akbar. Kai, ku ajiye guduma!” Abokan aikinsa suka matso, hannuwa baƙi ƙirin, suka ɗaga sama. “Allah ya jiƙan Mma. Allah ya kai ladan sadakar nan kabarinta. Shi kuma wannan bawan Allah, Allah ya ƙara mana irinsa cikin surukai.”

“Amin, amin,” in ji Muniru, da ƙarfi, yana shafa fuska.

Suka juyo suna jiran ta. Addu'a ce ake wa uwarta, ba a ƙin amsawa. Ayishatu ta ɗaga hannu ta ce amin.