Ƙudajen Cikin Kwalba

Su biyu ne kawai a gidan da ke bayan buro, wato ofishin gwamnati, a Dogarawa: Wada, malamin gona da gwamnati ta turo daga Gaya, da 'yarsa Hamdiyya, wadda ta shiga ajin farko na kwalej. Hatsi akwai, sutura akwai. Abin da babu shi ne Salamatu, uwar yarinyar. Garin bai karɓe ta ba. Tun saukarsu cikinta ke ciwo, ta rame har awarwaro na zame mata daga hannu, sai 'yan'uwanta suka zo suka mayar da ita gida.

Wata rana a bakin rijiya Hamdiyya ta ji matan unguwa suna zancen.

"Raki ne kawai," in ji ɗaya. "Mu da ruwan ga munka girma, mi ya same mu?"

"'Yan bakin kogi, ai sai son jiki!" wata ta amsa, aka kwashe da dariya.

Hamdiyya ta ɗauki maganar ta ajiye a zuciya. Ashe da Inna ta daure, da ba ta bar ta ba. Daga ranar, in uwar ta kira wayar Wada, sai yarinyar ta ce tana wanke-wanke.

Da mangwaro ya nuna, malamin kimiyya, Mushe Alkasum, ya ce kowa ya kama ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke bin 'ya'yan itace, ya sa su a kwalba da ɗan yankin mangwaro, ya ɗaure bakin da ƙyalle. Sauran yara suka yi wasa da abin suka manta. Ita kuwa ta ajiye tata a gindin randa. In ta taso daga lakwal, wato makaranta, ta tarar da gida shiru, sai ta tsuguna ta ba ƙudajen labarin aji.

Maƙwabciyarsu Goggo Sahiya, mai sayar da mangwaro a tasha, ta ba ta ragowar da ta daɗe a rufe cikin roba har ta yi kumfa. Hamdiyya ta ga gara ce ta samu ga baƙinta, ta zuba musu da yawa. Da gari ya waye, yawancinsu na kwance ƙafafu sama. Kaɗan ne ke ta yawo a kan mangwaron kamar ba abin da ya faru.

Ta rungumi kwalbar sai lakwal. Mushe Alkasum ya kwance ƙyallen, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ɗiyata, wanga ai ya zama barasa."

"Barasa, Mushe? A'uzubillahi! Goggo Sahiya fa azumin Litinin da Alhamis taka yi!"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ba laifin Goggo ba ne. Kowane ɗan itace mai zaƙi, in ya ruɓe a rufe, haka shika komawa."

Ta nuna na kwancen. "Waɗanga raggwaye ne, ko?"

"A'a. Zauna ki ji." Ya jawo mata benci. Ya ce a jikin kowane ƙuda akwai wani sinadari mai narkar da barasa, amma ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Na wasu yana aiki da sauri, na wasu a hankali. Gado ne, kamar yadda akuya ke haifar ja ko baƙa. Inda ruɓaɓɓen ɗan itace ya yi yawa, masu na saurin su ke tsira su hayayyafa, har jikokinsu su cika wurin, mai kallo ya zaci jarumtaka ce.

"To, da sun ƙara haƙuri fa?"

"Haƙuri ba shi sauya abin da anka haife ka da shi. Abu guda ya rage, a hidda su."

Ya shimfiɗa farar takarda a bakin taga, ya karkaɗe na kwancen a kai. Suka tsaya suna kallo. Wasu ba su sake motsi ba. Can sai ɗaya ya mimmiƙe ƙafa, ya birkice, ya goge fuskarsa, ya tashi ya fice ta taga. Hamdiyya ta bi shi da ido har ya ɓace.

Da la'asar wayar Wada ta yi ƙara a kan tabarma. Ya duba, ya ga Salamatu ce, ya ɗago kai, yana jiran ya ji zancen wanke-wanke. Yarinyar ta goge hannu a zane ta miƙo.

"Baba, ba ni."

Ta gane cewa Inna ba raki ta yi ba. Jikinta ne bai iya da wurin ba, kuma da ba a ɗauke ta ba, da ba ta tashi ba.