Littattafan da Baba Ya Ɗinka

"Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce," in ji Akawu, ya sake dangwarar da littafin a kan tebur.

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da goga wa zarensa kaki. Ya ce shekara arba'in ya yi yana ɗinkin takalma ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma ba a kan takarda za a fara ba. Akawu ya ce ai nan matsalar take, littafi ba takalmi ba ne. Baba ya ce ya ja da ƙarfinsa ya gani, in shafi ɗaya ya fita ya yarda.

"Dattijo, ni ba kokawa na aro shi mu yi ba. Karantawa zan yi."

Asabar ce, ranar da laburaren unguwarmu ke cika. Yara na zaune a kan darduma a kusurwar taga, Malama mai kula da wurin tana karanta musu labari. Mata masu koyon saƙa sun zagaye dogon tebur. Tsofaffi huɗu na raba jarida ɗaya shafi-shafi. A ciki kuma ajin kwamfuta, inda ya kamata a ce ina zaune. Teburin Baba na bakin ƙofa, an manna takarda a jikinsa an rubuta "Asibitin Littattafai". Duk wanda ke ɗakin ya ji muryar Akawu. Ba wanda ya waiwayo. Saƙar ma sai ta ƙara sauri.

Akawu baƙo ne. Ya bar aikin ofis, ya dawo wurin 'yarsa watan jiya, ya yanki katin aro. Bai san inda ake taka ƙasa a hankali ba.

Shekara uku ke nan da aka faɗaɗa titi aka kwashe rumfar Baba. Ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya samu kujera a ƙofar ɗaki ya zauna. Wata takwas. In an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba shi ke nan. Inna ta yi faɗan, ta yi lallashin, ta haƙura. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ni da na gama sakandare ba ni da abin yi, muka zama mu biyu a gida, kowa na kallon bangonsa.

Malama ce ta fito da shi. Igiyar takalminta ta tsinke a layinmu, aka nuna mata gidan. Ya ɗinka mata a tsaye. Ta daɗe tana duban ɗinkin, sannan ta ce tana da kwali biyu na littattafan da suka zazzage, ko zai taimaka. Ya ce zai duba. Ranar Asabar tun kafin Inna ta hura wuta ya yi wanka.

Ga yadda yake yi. Baba bai yi karatu ba. Lambobi ma daga ashirin zuwa arba'in da biyar ya sani sosai, iyakar lambar takalmin mutum. Saboda haka ni ke jera masa shafuka. Shi kuma ya daidaita su, ya danne da gwiwa, ya auna faɗin babban yatsa daga gefe, ya huda da basilla daga bangon gaba har ya ɓullo na baya. Huda bakwai. Ya bi da zare ruɓi biyu, ya ja har sai ya yi ƙara, kamar dai yadda ake haɗa ƙasan takalmi da samansa. Littafin da ya bi ta hannunsa ko a ruwa ya faɗa ba zai rabu ba.

Sai dai ba ya buɗuwa. Ɗinkin na cinye ƙarshen kowane layi a shafin hagu, ya cinye farkon kowane layi a na dama.

Tun littafin farko na gani. Na kai wa Malama, ta buɗe, ta rufe, ta leƙa wajen Baba yana feɗuwa yana soke basilla, ta ce in mayar da shi kan kantar littattafai. Ba mu sake tayar da maganar ba. Masu aro suka nemo wa kansu dabara. Goggo, wadda ke koyar da saƙa, ƙoshiyar saƙarta take cusawa ta bankare tsakiyar ta leƙa. Malama ta mayar da abin wasa, ta karanta wa yara rabin layi su cika sauran, wanda ya dace a tafa masa. Wasu kuwa in sun sha wuya sun gano kalmar, sai su rubuta ta da fensir a gefen shafi, don na baya ya huta. Baba in ya ga wannan rubutun ransa ɓaci yake. Ya ce mutane ba su san darajar abu ba. Har magogi ya saya, yana bi yana gogewa. Su kuma su sake rubutawa.

Haka muka yi shekara biyu, kowa lafiya lau.

"To karanta mini nan," in ji Akawu. Ya tura littafin gaban Baba, ya ɗora yatsa a kan layi.

Tsohon da ke riƙe da shafin wasanni ya yi tari, ya ce wa Akawu ga jarida in yana so. Akawu bai gane ba. Baba ya dubi shafin, ya dubi yatsan, sannan ya juyo gare ni.

"Dogo, karanta masa."

Na ɗauka. Na san littafin, labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne, na karanta shi sau biyu da taimakon rula. Da na so, da na cike guraben da ka, ba wanda zai tona ni sai Akawu, shi kuma ɗaya ne. Amma Baba ni yake kallo, ba shafin ba. Bai taɓa sa ni in karanta masa komai ba sai ranar.

Na karanta abin da ido ke gani kawai. Kowane layi ya yanke ba wutsiya, na gaba ya taso ba haɗi. Jirgi ya iso, ba a san ina ba. Matar ta ce, ba a ji me ta ce ba. Layi shida na yi, ya ɗaga mini hannu.

Ya karɓi littafin ya buɗe da ƙarfi, ya kai ido tsakiyar. Ko wanda bai iya karatu ba zai ga baƙaƙen suna gangarawa cikin ramin suna ɓacewa. Ya rufe. Ya fara tattara kaya, basilla, kaki, zare, wuƙa, kowanne a gurbinsa a cikin akwati. Ni kujerar ƙofar ɗaki kawai nake gani, da wandon nan.

Akawu ya fara kame-kame, ya ce shi ba da wata manufa ya yi ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda ya kula shi.

Malama ta bar yara ta taso. Na zaci haƙuri za ta ba shi. Sai ta ɗauki almakashi ta kama zaren littafin ta yi ta fama, almakashin na zamewa. Ta miƙa wa Akawu, shi ma ya gwada har gilashinsa ya sauko kan hanci.

"Baba, ina za ka? Wanda ya ɗaure ai shi ke kwancewa. Mu nan ba mai iya wannan zaren."

Baba ya tsaya, hannunsa a kan murfin akwati. Goggo ta ture saƙarta ta matso, ta ce daman ta daɗe tana son ta ga ranar da Mai Basilla zai zauna a ajinta. Ya ce Allah ya kiyaye, shi bai yi tsufan da zai koyi ɗinki a wurin mai hular jarirai ba. Ta ce hular jarirai dai ba ta taɓa rufe wa jariri ido ba. Matan suka kwashe da dariya, har da tsofaffin jarida. Baba bai yi ba, amma ya buɗe akwatin.

Wuƙa ya sa, yanka bakwai, ya zare zaren. Littafin ya baje a kan tebur kamar wanda aka sauke wa kaya. Goggo ta nuna masa cewa takardun a ninke suke, ƙungiya-ƙungiya, allura ta tsakiyar ninkin za ta bi, a ɗinka kowace ƙungiya a haɗa ta da 'yar'uwarta. Sau ɗaya ta nuna. Ya karɓe allurar ya ce ya gani, ba sai an yi masa waƙa ba. Ya ce wannan ɗinkin ragwaye ne, ba zai kai damina ba. Ya ƙara ƙulli ɗaya nasa a ƙarshen kowace ƙungiya, Goggo ta yi kamar ba ta gani ba.

Akawu ya ja kujera ya zauna ba a gayyace shi ba. Ya ce shekara talatin yana jera takardu, ya fi ni iya wannan. Na bar masa. Yana miƙa wa Baba shafuka yana faɗa masa abin da ke ciki, har suka fara musu a kan ko matuƙin ya kyauta da ya bar matarsa a gaɓa. Baba ya ce bai kyauta ba.

Awa biyu littafi ɗaya ya ci, abin da a da yake yi a minti ashirin. Malama da yara suka bi kantoci suna zaro masu zaren kaki, suna jibgewa a gefen teburin. Sittin da uku, ban da waɗanda ke hannun masu aro. Goggo ta ce aikin shekara biyu ke nan in ya yi sauri. Baba ya ce uku, shi ba ya aikin gaggawa. Ya ce in tuna masa mu biya mu sayi ƙananan allurai. Na ce to.

Ya jawo na saman tarin, ya yanke zaren, ya buɗe. Gefen shafin cike da fensir, hannu iri-iri, wani babba wani ƙanana, wani a kan shatin wanda aka goge. Ya laluba aljihu ya ciro magoginsa. Sai ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma ta fensir, ya ja shi a hankali har cikin tsakiyar da ta buɗe yanzu, inda baƙaƙe masu irin wannan siffar ke zaune. Ya yi haka sau uku, a layi uku. Ya mayar da magogin aljihu.

Ya ɗago ya bi ɗakin da kallo, Malama, Goggo, tsofaffin jarida, sannan ni.

"Ashe duk kun sani. To shekara biyu, me ya hana ɗayanku ya gaya mini?"