Jajibirin Ranar Awo

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Inda na yi tuntuɓe, a daure a tsallake.

Yaya ta tura ƙofar ɗakin masu jego da kafaɗa, filas a hannu ɗaya, ledar kayan jarirai a ɗayan. Gadon ƙanwarta Auta na can ƙarshe, jikin taga. Ɗan gadon da ke gefensa babu kowa a ciki.

Jiya da aka haifi yaron, har nas sai da ta yi dariya wajen ɗora shi a sikeli. Mijin Auta, direban bas ne, ya ce shi ba jariri aka haifa masa ba, kwandasta ya samu. Da gari ya waye numfashin yaron ya koma sama-sama, leɓensa ya yi duhu, aka wuce da shi ɗakin jarirai marasa lafiya, aka sa shi a kwalba.

Yaya ba ta gama ajiye kaya ba likita ta shigo. Ta ce sun ɗauki hoton zuciyar yaron, bangonta ya yi kauri, jini ba ya fita yadda ya kamata. Hakan kan faru idan sugan uwa ya daɗe a sama tana da ciki, sai ɗan ya yi ta ƙiba har da zuciyarsa. Sau da yawa kaurin kan ragu a hankali, amma ba za ta yi alkawari ba tukuna.

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta, "duk zuwanki awo suganki lafiya lau muke ganinsa."

Yaya ta ajiye filas ɗin a hankali. Ita ma ta yi shekara da shekaru da ciwon suga, ta kuma san yadda nas kan wanke mutum tas a gaban layi idan sugansa ya hau. Tuntuni ta samo mafita: idan gobe awo, sai ta kwana da yunwa. Ita ta koya wa Auta, a shagon ɗinkinta, tana gwada mata rigar ciki suna ta dariya. Sauran ranaku kuwa ita ke aika mata lemon kwalba mai sanyi, wai mai ciki ba a hana ta abin da ranta ke so.

Ta buɗe baki, Auta ta riga ta.

"Likita, ba na cin abinci ne idan gobe awo."

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Ba kowa. Dabarata ce."

Ko kallon inda Yaya take ba ta yi ba. Likita ba ta yi faɗa ba, ta ce dai gara da ta faɗa, za a sake auna ta yadda ya dace. Mijin ne ya kasa haƙuri. Ya yi ta magana ƙasa-ƙasa, Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Ga Yaya nan, ta fi kowa sanin ciwon nan," ya ce. "Me ya hana ki tambaye ta?"

Sai ga nas da keken marasa lafiya, ta ce uwa za ta iya zuwa ta leƙa ɗanta. Mijin ya kama Auta ta kafaɗa, likita ta riƙe ledar ruwan da ake ƙara mata, duk suka juya baya.

Yaya ta raɓa ta bayan labule, ta ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.