Akwatin da Na Sa Aka Buga wa Ƙusa

A gidanmu babu kujerar da za ka ce ta gida ce ɗungurungum. Mijina malamin lissafi ne a makarantar firamare, kuma Allah ya ɗora masa son aikin katako. Shekara ashirin da shida ke nan yana yanka siririn katako, yana haɗa shi da 'yan ƙarafa irin na marfin akwati, ya fitar da abin da shi yake kira kayan koyarwa, ni kuma nake kira kayan ɗakina. Akwai akwatuna huɗu masu fuska shida daidai wa daida, su ne kujerunmu. Akwai dala biyu masu tsini, a cikinsu nake zuba zare da allura da magunguna. Teburinmu kusurwa shida gare shi, kuma rabewa yake yi gida shida. Kowanne da 'yar sakatarsa ta katako a gefe. Ka zare ta, abin ya baje a ƙasa, yaro ya ƙirga fuskokinsa da yatsa.

Litinin da Alhamis su ne ranakun darasin siffofi. Ranakun nan, kafin in ɗora ruwan shayi sai na kwashe murafen tukwane daga wannan, zannuwa daga wancan, na tara su a kan gado. Malam ya zare sakatu, ya ninke, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi da falona makaranta. Da la'asar su dawo da ƙurar alli da shatin yatsun yara arba'in, in goge, in mayar da kaya. Ni kuwa guga nake yi a wani otal, a tsaye tun safe, ina ninke zannuwan gado. In ninke a wurin aiki, in dawo gida in ninke. Na yi faɗan har bakina ya gaji. Mutumin ba ya mayar da magana, sai dai ya yi murmushi ya ce, "Ai ɗaki biyu ne da mu, dabara ce ke sa su isa." To wa zai yi ta faɗa da bango?

Ana haka mahaifiyata ta dawo wurinmu. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya zama a ƙasa, in kuwa ta zauna sai an kama ta za ta tashi. Yayana ya so ta zauna a wurinsa, amma shi a bene hawa na huɗu yake, kuma shi da matarsa duk aiki suke fita su ja ƙofa su kulle. Tsohuwar da ba ta iya taka matakala, in ta hau can ta hau ke nan. Sai da na yi wata uku ina roƙonta kafin ta yarda ta zo zama gidan suruki. Abu ɗaya nake so a duniya: Inna ta zauna a wurina, in riƙa ganinta safe da yamma.

A cikin akwatunan nan huɗu, shuɗin ta zaɓa, wanda ke kusa da taga, don ya ɗan fi sauran tsayi. Sai dai shi ne uban tafiya a aji, don a jikinsa Malam ya zana layukan awo. Saboda haka duk Litinin da Alhamis, da ta ji ya fito da keke, sai ta dafa bango ta miƙe tun kafin ya buɗe baki, ta koma bakin gado ta ɗosana a tsakanin murafen tukwane har la'asar. Abin yana sosa mini rai ba kaɗan ba. Uwata, da furfurarta, tana tashi don a tafi da kujerarta! Na yi masa magana, ya ce zai ƙera mata wani idan an yi hutu. Hutun Malam kuwa na san shi, a duba takardun jarrabawa yake ƙarewa.

Wata Alhamis muka dawo kusan tare, ni da kumburarrun ƙafafuna, shi da kayansa a bayan keke. Ya kwance, ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ashe wani yaro ya ɓatar da sakatar shuɗin a aji. Maimakon ya faɗa, sai ya zaro guntun fensir daga aljihu ya cusa a gurbinta, wai ya riƙe kafin gobe.

"Inna, ga kujerarki ta dawo," in ji shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Allah ya yi albarka."

Ta lallaɓo ta zauna. Na ji ƙas, sai na ga akwatin ya baje, fuska shida kowacce ta kama gabanta. Inna ta tafi ta baya, ƙafafu sama, ɗankwali ya yi gefe, zani ya zame har gwiwa. A gaban surukinta. Shi kuma bawan Allah ya rasa abin yi, ya ɗaga ta ne ko ya kau da kai, sai kawai ya fita waje da gudu yana salati.

Na ɗaga ta ni kaɗai, na dudduba ta. Babu karaya, babu ko ƙwarzane. Amma ta ƙi kallona. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ce, "Auta, kira mini yayanki. Ya zo ranar Asabar ya ɗauke ni."

"Haba Inna, tsautsayi ne fa."

"Na ce ki kira shi."

Na kira. Me zan yi? Ta shige ɗaki ta juya fuska bango, ko abinci ba ta taɓa ba.

Washegari ban iya aikin kirki ba, har na ƙona gefen wani zanen gado. Na tashi da wuri, na biya ta wurin kafintan bakin layinmu na karɓo ƙusoshi a ƙunshin takarda. Na tarar da Malam a falo, ya fiƙe sabuwar sakata yana goga ta. Inna tana ciki tana barcin rana. Na zube masa ƙusoshin a kan teburi.

"Ka buga."

"Me zan buga?"

"Shuɗin. Kowane gefe. Ina so in giwa ta zauna a kansa kada ya motsa."

Ya ɗaga sakatar ya nuna mini. "Ga sabuwa na yi, ta fi ta da ƙarfi. Ba zai sake faruwa ba."

"Ba sakata na ce ba, ƙusa na ce. Kuma daga yau ya daina zuwa makaranta. Ya gama karatu."

"In na buga masa ƙusa ya mutu ke nan," ya ce a hankali. "Akwati kawai zai zama. Yaro ba ya yarda fuska shida ne sai ya ga sun baje a gabansa. Da shi na koyar da yaran da yanzu su ma suna da yara."

"Yaranka arba'in kowa da uwarsa a gida. Ni uwa ɗaya gare ni, kuma gobe za a tafi da ita saboda guntun fensir."

Ban tsaya nan ba. Da bakina ya buɗe, sai da na amayar da na shekara ashirin da shida. Na ce katakon ya aura, ni 'yar gadinsa ce. Na ce ko baƙo ba na iya gayyata sai na duba jadawalin darasi. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Yana sauraro, kansa a ƙasa. Da na yi shiru, ya ajiye sakatar, ya ɗauko guduma.

Bai yi aikin da fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya auna, ya sa alama da alli, ƙusa uku-uku a kowane gefe, yana kauce wa layukan awonsa. Na tsaya a kansa ina jin daɗin kowane bugu. A raina ina cewa shi ke nan, na tsayar da uwata.

Ƙarar ce ta tashe ta. Muka gan ta a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango.

"Malam, me kake yi haka?"

Ni na amsa, da murnata. "Kujerarki ce, Inna. An kafe ta. Ba mai sake tashinki, ba inda za ta sake zuwa."

Ta matso, ta shafa kawunan ƙusoshin da yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta dube ni, irin duban da rabona da shi tun ina yarinya.

"Ke kika sa shi?"

"Don ki zauna ne."

"Wa ya ce miki tashin yana damuna? Na taɓa kawo miki ƙara?" Ta ɗauke hannunta daga kan akwatin. "Ni ban taɓa shiga aji ba, ko sau ɗaya. Amma kujerata tana zuwa. In ta dawo da alli a jikinta nakan ce yau ma an yi karatu da ita. Shi ke nan abin da nake tsinana wa wani a gidan nan, in tashi in ba da wuri."

Na ce, "To ai ke kika ce a kira Yaya."

"Na faɗi a gaban surukina, ba zan ji kunya ba? Kunya ce, Auta, kwana biyu take yi ta wuce. Da niyyata, in yayanki ya zo gobe in ce ya sha ruwa ya koma." Ta juya wurin Malam. "Ka yafe mini, ɗan nan. Na shigo gidanka na kashe maka abin sana'a."

"Wallahi Inna babu komai," in ji shi. "Ki zauna, don Allah. Ki gwada ki ji."

"A kan wannan? Kullum in zauna a kan abin da aka ƙwace wa yara saboda ni? Ba da ni ba."

Na fizge gudumar na hau cire ƙusoshin. Ta farko ta fito. Ta biyu ta taho da ɓallin katako, ta uku ta tsaga fuskar gida biyu, ta bi ta tsakiyar layukan awon. Malam ya riƙe hannuna ya ce in bari haka. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan gajiya da na haushin kaina, babu wanda ya ce mini ci kanki.

Ranar Asabar Yaya ya zo da mota. Na roƙe ta a ɗaki, na roƙe ta a bakin ƙofa, Malam ma ya durƙusa ya roƙa. Ta sa mana albarka mu duka, ta shiga. Da yamma Yaya ya kira ya ce sun isa lafiya, shi da maƙwabcinsa suka hau da ita a kan kujerar roba, suna hutawa a kowane hawa.

Wata bakwai ke nan ba ta sauko ba. Ranar Lahadi kaɗai nake samun zuwa, mota biyu nake hawa, in taka matakalar nan ina haki. Nakan tarar da ita a zaune ita kaɗai tana kallon taga. Kafin ma in ajiye jakata take tambaya, "Malam ya ƙera wa yaran wani?"

Nakan ce ya kusa.