Ƙugin da Ban Ji Ba

Shekara talatin da ɗaya ana kirana Mai Kunne. Mota ta shigo gareji, kafin mai ita ya kashe inji na faɗa masa ciwonta. Da wannan suna na ci na sha, na aurar da 'ya'ya huɗu. Sai ga wata 'yar farar mota ta zo za ta tona mini asiri.

Mai motar nas ce a wani asibiti da ke bayan gari, kullum sai ta hau babban titi. Ta ce da ta wuce tamanin sai sitiyari ya kama rawa, wani ƙugi kuma ya taso kamar jirgi na bin ta. Rawar ba ta ba ni wuya ba. Na ji ta a tafin hannuna, na daidaita tayoyin gaba, ta kwanta. Ƙugin ne ya zame mini ƙarfen ƙafa, domin ban ji shi ba. Wata takwas ke nan kunnuwana suna yi mini rowa. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina, wadda ta ɗauka sabon wulaƙanci na koya da tsufana.

Zuwanta na biyu muka hau titi tare, ita ke tuƙi.

"Baba, ka ji? Ga shi nan, ka ji ko?"

Na gyaɗa kai kamar ƙadangare. "Tayar baya ce, ta ci gefe," na ce da ita, alhali canki-canka kawai nake yi. Aka sauya taya. Kwana biyu sai ga ta, fuska ba annuri.

"Baba, na gaji wallahi. Haihuwa nake zuwa karɓa, ba yawo ba, kuma kullum gabana na faɗuwa a hanya. In ba ka gane ba ka faɗa mini, in tsallaka wajen masu na'ura."

Masu na'ura! Mutanen da in allo bai gaya musu ba, ba su san mota na da taya huɗu ba. Raina ya ɓaci, kuma abin haushin shi ne gaskiyarta ce.

Na ɗaga gaban motar a jak. Na kafa dogon sukudireba a bayan taya, na ɗora kunne a ƙotarsa yadda na saba, na juya tayar. Shiru. Na koma ɗaya gefen. Shiru. Na yi wurgi da sukudireban, ya faɗa cikin kwanon baƙin mai ya fantsamo mini a wando. Don takaici na dafa sifirin ɗin tayar dama, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, zan miƙe, tayar ba ta gama juyawa ba. A nan na ji shi. A yatsuna na ji, wani ɗan gurzawa kamar ana niƙa yashi. Boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Da na kwance, ƙwallayen cikinsa duk sun cinye, man ya ƙone ƙurmus.

Na nuna mata. Ta duba, ta dube ni.

"Shi ya sa in na karya kwana hagu ƙugin yake ƙaruwa? Ai na gaya maka."

"Yaushe?"

"Tun ranar farko. Sau biyu ma. Kana duƙe, ka ba ni baya."

Wanda ya yi wata shida a gareji ma, da ya ji wannan magana ya san boris ɗin dama ne. Ni na ɓata mata mako guda, ta yi ta gudu a kan tayar da za ta iya cije mata a tsakiyar titi. Kunya ta rufe ni, na sunkuya na sa sabon boris.

Muka fita gwaji. Tamanin. Casa'in. Ɗari. A wurina duk ɗaya ne da jiya da shekaranjiya. Ita kuwa tana satar kallona, tana jiran Mai Kunne ya yanke hukunci kamar kullum. Ina iya cewa ya tafi, in sake gyaɗa kai. Na dubi hannuwanta a kan sitiyari, na tuna inda take zuwa da su kowace safiya.

"'Yata," na ce, "ya daina?"

Ta buɗe baki za ta amsa.

"Ki ɗaga murya. Ba na ji."